Rasuwar Kwandasta, Wadda Take Yi wa Baba Magana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai nauyin da ya rasa ta inda zai fara, iyalan tsohon direban bas, mai gidan da ke ƙarshen layin bayan tasha, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan tuƙinsa rasuwar kwamfutarsu, baƙar laftof mai tsagaggen murfi wadda kowa ya sani da suna Kwandasta. Ta rasu da hantsi a kan cinyar mai gidan, a gaban matarsa da 'ya'yansa, bayan doguwar jinya da wani aiki da aka yi mata, aikin da mai gyara ya rantse ya yi nasara. Babbar 'yar gidan, mai ɗinki, wadda ƙaninta ke kira Yaya, mahaifinta kuma ke kira Uwata, ita ta sa aka fitar da wannan sanarwa. Ita ce ta fi kowa jin zafin rashin, domin da hannunta ta ɗauki marigayiyar ta kai ta wurin aikin.

Iyalan suna sane da cewa mai gyara har yau yana musun rasuwar. Yana cewa a danna mata maɓalli a gani, za ta tashi da gudu, fuskarta za ta yi haske. Gaskiya ya faɗa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ɗauko gardamarsa su kawo cikin gidan, su karanta wannan takarda har ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda ba su san matsayinta ba, Kwandasta ita ce bakin Baba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da harshe. Mutumin da a da ba a cin abinci kusa da shi ba a ƙware da dariya ba, ya dawo daga asibiti da sauti biyu rak, na e da na a'a, su ma sai Inna, matarsa, ke iya bambance su. An ba shi biro, hannun hagu ya yi ta rawa, takarda ta cika da zane kamar kaji sun yi tono. An ba shi waya, yatsansa ya riƙa danne haruffa da yawa a tare, ya jefa ta ƙarƙashin kujera. Sai Yaya ta tuna da wata tsohuwar laftof da ta saya ta hannu lokacin da ta shiga koyon kwamfuta, karatun da bai je ko'ina ba, tana nan a shago ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Maɓallanta manya ne masu tudu, irin waɗanda yatsa ke jin ya hau. Ta goge ta, ta ƙara girman rubutu har ana karantawa daga bakin ƙofa, ta ɗora masa a cinya.

Bayan watannin da gidan ya yi bai ji komai daga gare shi ba, kowa ya zaci addu'a ko wasiyya za ta fara fitowa. "Babu gishiri," marigayiyar ta ce, ana tsaka da ba shi abinci. Inna ta ajiye cokali ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share ido ta ce likita ne ya hana, in yana so ya rubuta wa likitan. A makon ne ya raɗa mata suna. Ya rubuta cewa direba ba ya surutu da fasinja, shi tuƙi ne nasa, kwandasta ke magana.

Marigayiyar ta yi rayuwa ta hidima. Ba ta taɓa ƙara wa maganar Baba ko harafi ba, ba ta taɓa rage mata ba, ko da zagi ne, kuma an sha yin zagin. Ta bakinta ya gaya wa likita cewa ciwon a bayan ido yake, a daina matsa masa kafaɗa. Ta bakinta ya sasanta Auta, ƙanin Yaya, da matarsa, da layi ɗaya wanda ba za a maimaita shi a sanarwar mutuwa ba. Ta bakinta ya ci gaba da tsokanar mijin Yaya, mai walda, cewa duk ƙofar da ya yi sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Wata rana Inna ta fito da sabon mayafi, fuskar Kwandasta ta ce, "kin yi kyau," maganar da bakinsa na nama bai taɓa furtawa ba duk tsawon auren. Inna ta ce, "Sai da bakin ya tafi ka tuna," ta shige ɗaki, amma mayafin nan ya sha yawo a tsakar gida.

Gidan ya san muryoyinta na kanta. Idan an buɗe ta da safe takan yi wata 'yar waƙa, tin-tin-tiin, sannan ta yi shiru tana tattara hankalinta. Fankarta tana nishi, fuuu, kamar mai hawan bene da kaya. A can cikinta akwai wani abu mai cewa kirr-kat, kirr-kat, duk lokacin da take neman abin da ta ajiye ta manta. Tana da zafin jiki, a lokacin sanyi ita ke ɗumama masa cinyar da ba ta ji sosai.

Ciwon ajalinta ya daɗe a jikinta. An haife ta da ƙaramar ƙwaƙwalwa, giga biyu kacal, wato ɗan wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take yi a lokacin da take yinsa. A zamaninta wannan ya isa har da ragi. Amma babbar manhajar da ke cikinta, wadda ke tafiyar da komai, ba ta daina ƙiba ba. Duk lokacin da ta samu intanet sai ta sabunta kanta ta ƙara nauyi, ba da shawarar kowa ba, har ta cinye wurin ta bar wa maganar Baba ɗan lungu. Baba da kansa ya bayyana cutar da harshen sana'arsa, ya ce an yi wa ƙaramar mota lodin tirela an ce ta hau tudu. Alamar ciwon wani ɗan zobe ne da ke fitowa a fuskarta yana juyawa, ma'anarsa a jira.

Aka yi ta jira kuwa. Maganar Baba ta fara zuwa a makare. Mai dubiya zai ce ya jiki, ya zauna, ya sha ruwa, ya ba da labarin nasa ciwon bayan, ya miƙe yana neman takalmi, sannan "da sauƙi" ta fito. Barkwancinsa ya riƙa isowa bayan an bar maganar an shiga wata. Daga nan gidan ya samu wata ɗabi'a tasa. Idan jiran ya yi tsawo, Baba zai ƙwanƙwasa gefen murfin da bayan yatsa, irin bugun da ake yi wa jikin bas don direba ya ja, ya ɗaga gira ɗaya ya dube su. Sai kowa ya hau ta da zagi. Auta ya ce a kai ta gidan tarihi. Mai walda ya ce a ba shi ita ya tokare ƙofa. Inna ta fi kowa, takan ce, "Wannan aba jiranta zai kai mu kabari, dubi yadda take ɓata wa bawan Allah lokaci." Baba ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa, kafin a gama zagin kalmar ta fito. Marigayiyar ba ta taɓa ramawa ba. Yaya ta ce duk shekarun jinyar nan babu lokacin da gidan ya fi daɗi kamar lokacin da ake zagin Kwandasta.

Da haka za a ci gaba ba don wata rana ba. Yaya ta shigo daga shago da tef a wuya, ta tarar da mijinta zaune da wasu baƙi daga tasha. Baba ya fara rubutu, gumi na tsattsafo masa, bai so ya yi ishara a gaban mutane ba. Yaya ta tsaya a bayansa tana kallon fuskar kwamfutar. Harafi ɗaya ya fito, aka daɗe, na biyu ya fito, zoben ya leƙo ya ɓace. Kafin kalmar "bayi" ta cika, abin da yake gudu ya riga ya faru, a kan kujera, a gaban surukinsa da mutanen da suka san shi yana riƙe da sitiyari. Baƙin suka tuna da wani uzuri. Baba ya kafa wa bango ido. Yaya ta wanke matashin kujerar da kanta, tana dirza tana kuka, ta yi alkawari a ranta cewa wannan ƙarfen ba zai sake tozarta mahaifinta ba.

Sabuwar kwamfuta ba ta shiga magana ba, domin an gwada. Auta ya taɓa kawo tasa, siririya mai sheƙi, yatsan Baba ya yi ta zamewa a kan shafaffun maɓallanta, ya kawar da kai. Dole wannan jikin dai za a yi wa magani. Yaya ta gaya wa Baba za ta kai Kwandasta asibiti. Ya ɗora tafinsa a kan murfin, ya daɗe bai ɗauke ba. Inna tana ninke wanki, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ku bar masa abarsa yadda take." Yaya ta ce, "Inna, ba ki ga abin da ya faru ba ne?" Inna ta ce ta gani, ta ci gaba da ninki. Baba ya zare hannunsa.

Shagon mai gyara yana saman bene a kasuwar wayoyi, ɗaki ne da mutum biyu ba sa wuce juna a ciki, yana warin dalma da ƙonanniyar roba, gawarwakin kwamfutoci jere har rufi. Ya buɗe cikinta ya hure ƙura, ya ce ƙwaƙwalwa ba za ta ƙaru ba, iyakar abin da jikinta zai ɗauka ke nan. Abin yi shi ne a sauke mata lodi, a fitar da babbar manhajar mai ƙiba a sa mata mara nauyi, akwai su kyauta, don tsofaffi irinta aka yi su. Ya soka mata filas, ɗan abin ajiyar nan mai tsawon yatsa, ya nuna wa Yaya guda uku, kowacce a gwada ta kafin a yanke shawara. Ta farko kyakkyawa ce, tana kama da tsohuwar har a launi, amma tun kafin a ce ta yi komai ta cinye rabin ƙwaƙwalwar. Ta biyu ba yabo ba fallasa. Ta uku ba ta da ado ko na kwabo, fuska toka-toka, amma kafin mutum ya gyara zama ta gama buɗewa.

Yaya ba ta yi gaggawa ba, kuma ana so wannan ya shiga kunnen duk wanda zai yi mata kallon mai ganganci. Ta bar ɗinkin mutane ta yi ta hawa benen nan. Ta zauna a kan bokitin fenti da mai gyara ke ba baƙi, ta danne hannun dama a ƙarƙashin cinya, ta gwada kowacce da yatsa ɗaya na hagu kamar yadda Baba ke yi. Auta ya yi ta aiko saƙon murya daga garin da yake aiki, kowanne ya fi na baya tsawo, yana cewa a ɗauki ta farko don kada Baba ya ga baƙuwar fuska. Mai gyara ya ce ta biyu ya fi sa wa mutane, ba a dawo masa da ƙorafi. Yaya ta saurari kowa. Amma duk lokacin da ta rufe ido matashin kujerar nan take gani. Ta rubuta "bayi" a kan kowacce tana lura, a kan ta uku harafin yana fitowa tun yatsa bai bar maɓalli ba. Ta ce ita za a sa.

Ta kuma kafa sharuɗɗa. A kwashe duk abin da Baba ya taɓa rubutawa a ajiye a filas kafin a goge komai. A ɗauko 'yar waƙar safe a dasa a cikin sabuwar. Hoton tsohuwar bas ɗinsa ya zauna a fuska inda yake, alamar da yake dannawa ya fara rubutu ta tsaya a kusurwarta, girman haruffa kada ya canza. Tunda Baba yakan danne maɓalli ya manta yatsa a kai, a hana harafi maimaita kansa. Duk ƙofar da ta yi tunanin matsala za ta biyo, ta toshe ta. Mai gyara ya danna, wani layi ya fara cika a hankali daga hagu zuwa dama, kirr-kat ɗin ya yi ta yi har ya gaji. Da aka gama ya juyo mata da fuskar ya ce, "Hajiya, wannan yanzu sai ta ga jikokinki." Yaya ta sauko benen rungume da ita, tana jin daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Ga yadda rasuwar ta kasance, kamar yadda waɗanda ke wurin suka shaida. Washegari da hantsi aka yi wa Baba wanka aka sa masa farar riga. Auta ya zo takanas don ya gani da idonsa. Inna ta zauna kusa da taga tana tsintar shinkafa a tire. Yaya ta sa masa katako a cinya ta ɗora Kwandasta a kai. Ya ɗaga murfin. Tin-tin-tiin, ta ce, muryarta ba ta canza ba, bas ɗin na nan, kuma yana danna alamar farin shafi ya buɗe yana jiransa. Auta ya tafa hannu ya ce, "Baba, ya ka ga yarinyarka?"

Baba ya ɗaga yatsa. Yatsan ya tsaya a sama. Ya tafi hagu, ya dawo, ya yi shawagi a kan layin tsakiya, ya sauka. Harafin ya fito nan take, baƙi, ƙato. Yatsan ya sake tashi ya tsaya. Babu zobe. Fanka ba ta nishi, cikinta bai ce kirr ba, sai wani ɗan tsayayyen layi a gaban harafin yana ƙiftawa. Ɗakin ya yi tsit har ana jin motsin shinkafa a tire, sannan shi ma ya tsaya. Jiran ya kai tsawon da ya saba kaiwa, ya wuce. Baba ya ƙwanƙwasa gefen murfin da bayan yatsa, ya ɗaga gira ya dube su. Auta ya buɗe baki zai fara abin da aka saba, ya kalli fuskar kwamfutar, ya haɗiye. Babu wanda ya zage ta, domin babu abin da ta yi.

A wannan shirun ne Yaya ta sauke ido daga fuskar kwamfutar zuwa hannun mahaifinta, abin da ba ta taɓa yi ba, don kullum a bayansa take tsayawa tana jiran harafi. Zoben ya sha juyawa a da, marigayiyar ta yi nauyi, wannan babu ƙarya. Amma nata jinkirin kaɗan ne a cikin jiran. Sauran na Baba ne. Haruffan da ya yi shekaru yana samu a wuri ɗaya sun fara ɓace masa, sai ya neme su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda zai iya cewa yaushe abin ya fara, saboda duk lokacin da ya ƙaru Kwandasta ce ke ɗaukar laifin. Ita ake zagi, shi yana samun lokacin nema. Yaya ta so ta ce wani abu, ko da ƙarya ce, ta ce sabuwar ma ba ta da kirki, amma Baba ya riga ya daina kallonsu, hannunsa yake kallo.

Ya goge harafin da ya fara. Ya sake ɗaga yatsa, su ukun suka zuba masa ido babu mai motsi, har hasken ranar da ke ƙasa ya matso ya hau ƙafarsa. Kwamfutar ba ta ɓata masa ko ƙiftawar ido ba, kowane harafi ta miƙo shi da ladabi a daidai lokacin da ya same shi. Maganarta ta ƙarshe ke nan:

"ashe ni ne"

Ya ja murfin a hankali ya rufe, ta ce ƙat. Wannan shi ne lokacin da iyalan suka ɗauka a matsayin lokacin rasuwa.

An yi ƙoƙarin ceto ta. A ranar Yaya ta koma benen ta ce wa mai gyara ya sa ta sake yin nauyi. Ya cire tabarau ya dube ta, ya ce tunda ya fara sana'ar nan ba a taɓa kawo masa lafiyayyar kwamfuta a ce ya sa mata ciwo ba. Da ya ji dalili sai ya zauna ya ƙirƙiro mata jinkiri, ya sa harafi ya riƙa jan ƙafa, har zobe ya nemo mai kama da na da. Yaya ta kawo ta gida ta buɗe da kanta a gaban Baba, ta danna harafi, zoben ya fito yana juyawa, ta ce da muryar da ba tata ba, "Ka gani, Baba, halinta na nan." Baba ya kalli zoben. Ya kalli 'yarsa, kallo mai taushi, irin wanda yake yi mata tana ƙarama in ta kawo masa shayin wasa a murfin kwalba. Ya sa hannu ya rufe.

A kicin Inna ta gaya mata sauran. Ita ta daɗe da sani. A gabansa take zama, tana ganin yatsan yana yawo tun bara. Shi ya sa zaginta ya fi na kowa ƙarfi, shi ya sa take farawa tun kafin ya ƙwanƙwasa in ta ga abin zai yi tsawo. Yaya ta ce, "Inna, me ya hana ki gaya min?" Inna ta ce, "In gaya miki a ina? Kunnensa ƙalau yake. Ke kuma ba kya iya ɓoye abu, da ya gani a idonki." Ta juya ta ci gaba da wanke tukunya. Daga baya likita ya duba Baba ya ce ciwon ya sake taɓa shi a ɓoye, kaɗan-kaɗan, ya canza magani, ya ce gara da aka gano. Iyalan sun gode masa. Sun kuma ji wannan magana daga bakuna da yawa, ba sa bukatar ƙari.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin baƙin tef a wuya, wadda sai an karkata ta take kawo wuta. Batirinta ya riga ta tafiya da daɗewa. Ta bar katakon cinya da mai walda ya yanka ya goge, abu ɗaya da ya yi wanda Baba bai samu abin kushewa a jikinsa ba. Ta bar filas mai ɗauke da duk maganar da ta taɓa yi, har da zage-zagen, yana cikin gwangwanin allurai a shago, Yaya ba ta iya buɗe shi ba tukuna. Ta bar Inna, wadda yanzu ba ta da wanda za ta zaga. Ta bar Baba da e da a'a. Ana tambayarsa ko zai ci, ko zai kwanta, ko a kai shi bayi, yana amsawa. Mutum yana rayuwa da e da a'a, amma ba ya tsokanar suruki da su, ba kuma ya kiran kowa Uwata. Wannan na ƙarshen shi ke tayar da Yaya daga kan keken ɗinki ta shige bayan labule.

Game da jana'iza, ga abin da iyalan suka tsayar. Ba za a yi mata wanka ba, mai gyara ya hana. Ba za a binne ta ba, ba kuma za a sayar da ita ga masu cire kayan ciki ba, wanda ya zo da wannan tayin ya san ƙofar da ya shigo. An cire mata zoben da aka ƙirƙira, don Yaya ta ce ba za a kwantar da ita da ƙarya a jiki ba. Za ta kwanta a kan ɗan tebur a hannun hagun Baba, murfi a rufe, caja a jiki, kuma ba a yarda kowa ya zare ba ko don cajin waya.

Za a zauna karɓar gaisuwa a falo kullum bayan an ba shi maganin rana, har zuwa lokacin da ya nuna ya gaji. Iyalan sun san ba a roƙa wa ƙarfe rahama, wanda ya zo da addu'a ya yi wa mai gidan. Kada a zo da sunan wata manhaja da ta fi, Auta ya aiko da isassu. Kada a ce wa Yaya alheri ta nufa, ta sani, bai rage mata komai ba. Mai gaisuwa ya zauna inda Baba zai gan shi, ya ba shi labarin tasha ko na hanya, irin wanda ba ya bukatar amsa.

Abu na ƙarshe, kuma dominsa aka rubuta duk wannan. Wani lokaci, idan hira ta yi daɗi aka manta da shi, hannun hagunsa yakan tashi daga cinya ya nufi teburin. Idan kun ga haka ku ci gaba da maganarku, ku kalli taga. Kada a kira Yaya daga shago, kada a matso masa da teburin. Shekaranjiya yatsunsa sun kai har bakin murfin, wani mai gaisuwa ya ce yawwa, hannun ya koma cinya, bai sake tashi ba har yau. Wanda ya san bakinsa ba zai iya shiru ba, ya yi gaisuwarsa daga ƙofa.